Ministan Sabis da Tagarsa Mai Sanda Huɗu

Allah Ya yi wa gidan hayarmu baiwar da bai yi wa kowane gida a layinmu ba. Wani gidan yana taƙama da tankin ruwa, wani da janareta, wani da mai gadi mai karen da ba ya barci. Mu kuwa Minista gare mu, sukutum da guda, yana zaune a ɗakin ƙarshe na saman bene, bango ɗaya tsakanina da shi. In ya yi tari ina ji. In ya yi tunani ma ina ji, domin shi ba ya tunani a ɓoye, da ƙarfi yake yin abinsa don jama'a su amfana.

Ba gwamnati ce ta naɗa shi ba, gwamnati ba ta kai ga gano shi ba tukuna. Mu muka naɗa shi, shi kuma ya karɓa da tawali'u irin na manya, wato bai ko tsaya tambaya ko da wasa muke ba. Kuma ya cancanta. Shekara da shekaru ya kwashe a harkar sadarwa, kamar yadda yake yawan faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Masinja ne a wani babban ofishi. Duk takardar da ta tashi daga teburin wannan zuwa teburin wancan, ta hammatarsa ta bi. In wannan ba sadarwa ba ce, ni karatuna bai yi nisa ba, masu ilimi su gaya mini sunanta.

Da ya yi ritaya sai duniya ta nuna masa halinta. Mutumin da ya saba jin ana cewa a dakata sai ya kawo fayil, ya wayi gari ba mai jiransa ko a bakin famfo. Ya fito baranda ya zauna, hula a kai, biro a aljihu, mutane su wuce ta ƙasa su ɗaga masa hannu ba tare da sun ɗaga kai ba. Ya kafa kwamitin shara, ba wanda ya zo taro. Ya kafa kwamitin fitilar tsakar gida, ƙwan ya mutu ranar da ya rantsar da kansa. Abin da yake tsoro a duniya, fiye da ciwon ƙafa da hawan jini, shi ne a yini a kwana ba wanda ya tako matakalar benen nan saboda shi. Kuma haka ake yini, haka ake kwana.

Ana cikin haka 'yarsa da ke aure a nesa ta aiko masa da tabulet, wato wayar nan mai faɗin tiren shayi, don ya riƙa ganin jikokinsa ta kiran bidiyo.

A nan sai na ɗan yi bayanin gidanmu. A kwari yake, manyan rumbunan ajiye kaya sun yi masa ƙawanya gaba da baya. Iska ma sai ta yi dabara take shigowa, balle sabis. Wayar kowa a gidan agogo ce da tocila. In telan gidanmu zai kira mai kaya, sai ya ja ƙofar shago ya fita bakin titi da almakashi a hannu. Malamar asibitin da ke ɗakin ƙasa ta sha tsayuwa a mararraba da silifas tana jiran saƙon da aka turo mata tun jiya. Goggo, tsohuwar da ta riga kowa shigowa gidan, ta yi ta ce wa ɗanta ko yana jin ta har akun maƙwabta ya haddace. Wanda ya yi sa'a sandar sabis ɗaya ta leƙo wayarsa a ɗakinsa, ba ya motsi, ba ya numfashi, har ta gaji ta tafi don kanta.

Ran nan aka tashi da labarin cewa a bakin tagar Minista tabulet ta nuna sanda huɗu cif. Masu tsegumi sun ce uwargidansa ce ta ajiye ta a wurin don ta samu ta share ƙarƙashin gado, sai ta ji abu yana ta ƙara. Amma tarihi ba ya rubuta sunan mai shara. Abin da tarihi ya rubuta shi ne Minista ya yi dogon nazari, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya auna iska, ya gano wurin. A garin makafi mai ido ɗaya sarki ne, namu kuwa huɗu gare shi.

Kafin a ce me, ɗakin ya zama fada. Kada wani ya zaci abin hannu yake karɓa, Minista ya fi ƙarfin wannan. Gaisuwa yake karɓa, kuma ba ya ragi. Ka cire takalmi a ƙofa, ka rusuna, ka tambayi lafiyarsa da gajiyarsa da lafiyar tabulet. Sannan ka faɗi wanda za ka kira da dalilin kiran. In dalilin ya gamsar da shi, ya nuna maka tabarma da leɓe, ka zauna ka jira layinka. In ya zo kanka, ko ka jingina wayarka a bakin tagar, ko in bidiyo ne ya riƙe maka tabulet da kansa, domin hannun da bai saba ba yana iya firgita ta. Shi dai yana kan kujerarsa mai hannu dab da taga, kada sabis ya leƙo ya ga babu babba a wurin ya juya. Uwargida kuwa tana ta dafa shayi, tana ta share ƙasar da ƙafafun jama'a suka kwaso.

Ba sauraron sirrin mutane yake yi ba, sa ido yake yi. Tela yana rantse wa wata mata cewa rigarta saura maɓalli, Minista ya miƙo wuya ya ce masa ya ji tsoron Allah, ko yanka yadin bai yi ba. Malamar asibiti tana magana ƙasa-ƙasa da wani mai son ta, ya karɓi wayar ya tambayi bawan Allahn ɗan waye shi, me yake yi, kuma gidan da yake ciki nasa ne ko na haya. Mutumin bai sake kira ba. Minista ya ce ya cece ta, kuma ba ya buƙatar godiya. In Goggo tana kiran bidiyo da ɗanta, fuskar Minista ke cinye rabin gilashin da ɗoriya, ita sai kunnenta ɗaya da gefen ɗankwali. Jikanta ƙarami ya taso da sanin cewa kakarsa tana da gemu.

Duk yammacin da takalma suka taru a ƙofa, sai ya gyara murya ya ba mu ilimi.

"Ku saurara da kyau, ba kullum ake samun irin wannan a kyauta ba. Sabis abu ne mai rai, kuma ya san nasa. Yana tasowa daga ƙarfe, ya hau iska, yana leƙa taga-taga. In ya leƙa ya ga hayaniya da jahilci da kwanukan da ba a wanke ba, sai ya wuce. In ya ga tsari, ya ga mutumin da ya yi mu'amala da manyan fayiloli, sai ya yi sallama ya shigo. Ni ban kira shi ba. Shi ya neme ni."

Mu ce gaskiya ne ranka ya daɗe. Mai neman kira ba ya musu da mai taga.

Ana nan ana nan, wani direban babbar mota ya kama ɗakin da ke kusa da famfo. Mutum ne da ba ruwansa, yana da wata 'yar waya da ta sha faɗuwa har an ɗaure bayanta da roba. Bai san tarihin gidan ba. Ba wanda ya gaya masa ba a samun sabis a ƙasa, don haka ya je ya samu. In ya hau kan simintin famfo ya ɗan karkata hagu, sanda biyu ke fitowa, wani lokaci ta daure har a gama gaisuwa a shiga magana. Goggo ce ta fara canza sheƙa, ta ce gwiwoyinta sun gaji da bene. Malamar asibiti ta bi ta, ita ba gwiwa ke damun ta ba, ba ta manta da cetonta da aka yi ba ne.

Minista ya leƙa ƙofa ya ga takalma suna raguwa kamar gashin kansa. Bai yi fushi ba, manya ba sa fushi. Sanarwa kawai ya bayar cewa za a yi gwaji a bainar jama'a, don a raba gaskiya da ruɗi. Ya sauko tsakar gida da kansa, tabulet a naɗe cikin tawul.

Aka kife baho kusa da famfo, aka ajiye su gefe da gefe, babbar da ƙaramar. Wayar direba ta nuna sanda biyu ta zauna abinta. Tabulet ta nuna agogo. Minista ya ɗaga ta, ya juya ta, ya goge fuskarta da hularsa, ya mayar. Muka zuba ido, ruwan famfo yana ɗiga. Can sai ga sanda ɗaya ta fito a ɗarare kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida. Nan take Minista ya miƙa hannu ya zare tef ɗin awo daga wuyan tela. Ya auna sandarsa. Ya duƙa ya auna biyun direba. Ya miƙe tsaye, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Wanda bai sani ba ƙirgawa yake yi, wanda ya sani aunawa yake yi. Sandata ɗaya ta fi biyun nan tsawo ko an ɗora su a kan juna. Sannan ku sani, tabulet ba ta ɗaukar kowane irin sabis. Wannan da ke yawo a bakin famfo ragowa ne, wanda ya zubo daga tagata. Ƙaramar waya ba ta da zaɓi, abin da ta samu shi take lasa. Babbar randa kuwa ba ta cika da ɗigon rufi."

Muka yi tafi. Goggo ma ta yi tafi, sannan ta ari wayar direba ta hau siminti.

Direban ya sosa ƙeya, ya ce shi bai san Baba yana da dogon hannu haka a harkar ba. Tunda haka ne, me zai hana ya yi wa kamfanin waya magana su kawo wa kowa sabis har ɗakinsa, tsofaffi su huta da hawa, shi ma ya huta da karkata. Da fuskar salihai ya faɗa. Har yau ban san ko da biyu ya yi ba. Kowa dai ya juya ya zuba wa Minista ido.

Ya yi murmushin manya. Ya ce kira ɗaya ya isa, dama jira yake jama'a su nuna sun shirya.

Kada ku ɗauka wauta ce ta sa ya amsa. Lissafi ya yi, lissafin wanda ya san ofis ciki da bai. Shi ya san inda ƙorafin jama'a yake zuwa, domin da hannunsa ya sha kai shi: wani kabad ne a ƙarshen baranda mai ƙofa ɗaya a karye, inda takarda ke shiga da ƙuruciyarta, gara ta yi mata jana'iza. A iya saninsa ba a taɓa yin ofishin da ya karanta ƙorafi ba, balle ya yi aiki da shi. Saboda haka zai yi ta kai ƙara da babbar murya, jama'a su ga yana yi musu yaƙi, kamfani ya yi gum kamar yadda aka saba, taga ta ci gaba da mulki. Ga suna, ga fada, ba asarar komai.

Washegari ya ciro tsohon kwat ɗinsa na aiki daga ƙasan akwati, yana ta warin kafur. Ya ɗaga tabulet sama da hannu biyu kamar mai tsallake rafi da kaya, ya shiga bin gidan ɗaki-ɗaki. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, aikin hukuma ne. Ya auna kan gadon tela, ya auna ƙarƙashin keken ɗinki. Ya auna bayan labulen malamar asibiti tana barcin gajiyar aiki, ta buɗe ido ta ga mutum tsaye a kanta da allo mai haske, ta ɗauka tata ce ta ƙare. Ya auna kicin. Ya je banɗaki ya tarar da mutum a ciki, ya ce masa ba komai, ya miƙo hannu ta saman ƙofa ya karɓa, ya faɗa masa sanda nawa ya gani.

Duk inda ya auna sai ya ɗauki hoton fuskar tabulet, sannan ya yanke hukunci da ƙarfi. Ɗakin tela sifili. Ɗakin Goggo sifili da ɗan motsi. Nawa ɗakin ma sifili, ya ce ba abin mamaki ba ne, sabis ba ya son inda ake yawan dariya. Bakin famfo kuwa sai da ya bari direba ya yi tafiya sannan ya auna shi a gurguje, ya ce sanda ɗaya ce, ita ma ta aro.

Da ya zo kan tagarsa sai ya natsu. Ya ɗauke ta da safe, ya ɗauke ta da rana, ya ɗauke ta da yamma, sanda huɗu tsaye ƙyam kamar sojoji. Mai kai ƙarar rashi ba ya haɗawa da hoton wadata, wannan ko ni na sani. Amma Minista bai iya haɗiye ta ba. Ina amfanin kamfani ya san akwai matsala bai san akwai gwani ba? Ya haɗa duka ya tura.

Sai aka shiga kira. Ya buɗe taga wangale, ya sa lasifika, domin kunnensa ya ɗan yi nauyi, kuma domin tsakar gida ta shaida. Wata yarinya mai ladabi ce ke ɗauka a can ɓangaren, ta gaishe shi ta tambayi abin da za ta taimaka masa da shi.

"Yarinya, kafin ki ce komai, gyara zama. Wanda ke magana da ke ya yi aikin sadarwa tun ba a haifi wanda ya ɗauke ki aiki ba. Ba don kaina na kira ba, ni nawa sabis ɗin a cike yake har yana zuba. Da yawun al'umma nake magana, gida guda, layi guda, kai unguwa guda, dubban bayin Allah da kuka bari a cikin duhu. Na turo muku hotuna. Ku duba na ƙarshen da kyau, tagata ce. Ku nuna wa injiniyoyinku su koyi yadda ake ajiye na'ura."

Ta ce an gode, an shigar da ƙorafinsa. Ya leƙo baranda ya shaida mana cewa muryarta har rawa take yi. Gobe ya sake kira, jibi ma haka. Takalma suka dawo ƙofa, har da waɗansu daga gidan da ke kallonmu. Direba da kansa ya hau ya kwashi gaisuwa. A waɗannan kwanakin Minista ya yi kumatu, tafiyarsa ta canza, ko tarinsa ya ƙara kauri.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wata rana da hantsi farar mota mai tsani a kai ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka fito da hular kwano, suka tambayi ina dattijon da yake yawan kira. Na ɗaga kai na dubi baranda, na ga abin da ban taɓa gani ba, bakin Minista a buɗe babu magana a ciki. Amma babba ba ya daɗewa a ƙasa. Ya gyara hula ya ce ai ya gaya mana, ya ba da umarni a jera benci a tsakar gida, uwargida ta ɗora shayi.

Mutanen suka hau ɗakin da takalmansu. Ba su tambayi lafiyar tabulet ba. Ɗaya ya leƙa taga, ya yafito ɗan'uwansa, ya nuna masa da yatsa. Tsakanin rumbuna biyu akwai ɗan tsagi, ta cikinsa ana hango ƙarfen sabis can nesa. Suka ce eriyar da ya kamata ta sunkuyo ta kalli unguwarmu, iska ce ta murɗe mata wuya tun ruwan bara, shi ya sa take kallon saman rufi, kuma duk abin da take zubawa ba ya cin karo da komai sai wannan tagar.

"Ka taimake mu, Baba," in ji babban cikinsu. "Ba don hotunan tagar nan ba, da mun daɗe muna lalube. Da kowa yana kawo ƙorafi irin naka, da aikinmu ya yi sauƙi."

Minista ya kumbura har maɓallin kwat ya nemi agaji. Sai da suka juya za su fita wani abu ya ɗarsu a ransa, ya tambaye su a hankali yaya tagar za ta kasance bayan gyara. Ɗaya ya amsa daga kan matakala cewa kada ya damu, za a raba wa kowa daidai. Suka kurɓi shayinsu a tsaye suka shiga mota. Minista ya waiwaya ya dubi tagarsa. Amma an riga an jera benci, jama'a sun zauna, kuma jawabi ba ya komawa ciki.

Ya tsaya a kan matakala, inda kowa zai ɗaga kai kafin ya gan shi. Ya faro daga ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya bi ta kan shugabannin da ya yi wa hidima, da fayil ɗin da ya taɓa cetowa daga ruwan sama a cikin rigarsa. Rana ta take, inuwa ta gudu daga benci, shi bai iso kan sabis ba. Da ƙyar ya iso.

"Tarihi zai tuna cewa lokacin da kowa ya yi shiru, mutum ɗaya ya miƙe. Ba na neman godiya. Amma in jama'a suka matsa sai sun rubuta sunana a ƙofar gidan nan, ba zan watsa musu ƙasa a ido ba. Haruffan dai su zama manya, saboda masu wucewa a mota. Abu na biyu kuma..."

Aljihun tela ya yi ƙara. Ya dafe shi kamar wanda kunama ta harba. Sai wata wayar ta amsa daga cikin ɗakin malamar asibiti, ɗakin da aka yanke wa hukuncin sifili. Sai wata daga kicin, sai wata daga saman bene, wadda na gane tawa ce a ƙarƙashin matashi, ashe ba kurma ba ce. Saƙonnin da suka maƙale a hanya tun ba a san ranar ba suka ɓalle gaba ɗaya, gida ya ɗauka kamar kasuwar tsuntsaye. Mutane suka fara zamewa, kowa hannu a kunne, yana duƙawa don kada ya katse wa mai jawabi hanzari. Minista ya ƙara murya. Benci ya ƙara faɗi.

Goggo kaɗai ta rage a zaune, ta fuskance shi, tana gyaɗa kai tana murmushi. Ya ji daɗi ya ce ai tsofaffi su suka san darajar magana, ya juya ya zuba mata sauran jawabin ita kaɗai, abu na biyu da na uku. Sai da ya numfasa ya ji tana cewa e, tana jin sa tangaran kamar yana gabanta, yaya yaran. Wayar tana maƙale a ƙarƙashin ɗankwali.

Ya hau bene a hankali. Na shiga ɗakina na kasa kunne. Sai na ji ana jan kujera, ana ɗora abu a bakin taga, ana ɗaukewa, ana ɗorawa a kan kabad. Na leƙa ta tagata na hango hannunsa a waje har kafaɗa, yana lilo da tabulet a iska. Eriya ta sunkuya ta kalli talakawa. Ƙananan wayoyi da suka saba da maneji suna kamawa ko'ina, sama da ƙasa. Ita kuwa tabulet ta duba abin da ya rage a saman bene ta ga bai kai matsayinta ba. Garin neman gira an rasa ido.

Godiya kam an yi masa, kada a zalunci jama'a. Kowa ya ce Allah Ya saka, daga tsakar gida, hannu a sama, ido a kan waya. Matakala ta yi ƙura. Uwargida ta naɗe tabarma ta cusa ƙarƙashin gado, ta rage yawan ganyen shayi, har an ji ta tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke. Minista ya fito baranda ya yi tari mai ma'ana, ba wanda ya ɗago. Ya fito da sabon bincike cewa yawan sabis yana busar da ƙwaƙwalwa, kuma ya kamata a kafa kwamitin da zai tsara yadda za a riƙa amfani da shi, taro a ɗakinsa. Direba ya ce zai zo in ya dawo daga tafiya. Tela, da yake yana da kunya, ya rantse ya yi ta kiran Minista daga shago don ya gaishe shi, layin ne ba ya shiga.

Jiya da hantsi na ji shi ta bango yana aron wayar uwargida. Wannan karon ya rufe taga ya saki labule, amma lasifika ba ta rufuwa, kunne ya hana. Yarinyar nan mai ladabi ce ta ɗauka. Bai ce ta gyara zama ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce an samu kuskure, ma'aikatan da aka turo sun ɓata wani tsari mai kyau da suka tarar, yana roƙon a sake turo su su mayar da wuyan eriyar yadda iska ta ajiye shi. Ta ce abin da suke gani a wurinsu shi ne unguwar ta gyaru, kuma ga shi tana jin sa sarai. Ya ce ba wannan wayar ake magana ba. Ta ce babu laifi za ta shigar, amma tana buƙatar ta san mutum nawa matsalar ta shafa.

Na ji kujera mai hannu ta yi ƙara, na ji ya gyara murya sau biyu.

"Ni da iyalina," ya ce.

Daga lungun da take girki, cikin ƙarar ludayi da tukunya, uwargida ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Cire ni a ciki, Malam, tawa a cike take. In ka gama miƙo mini abata, 'yarka za ta kira ni."

"To, ranka ya daɗe," in ji yarinyar kamfani. "Mutum ɗaya ke nan."